DAGA JINKA ZUWA KWANO: YADDA ZAFI YA SHIGA ƊAKUNAN IYAYENMU A ƘAUYE



Duk wanda ya je gida a watan Afrilu ko Mayu ya san abin da za mu faɗa. Da azahar ba mai iya shiga ɗaki. Tsohuwa tana gindin darbejiya da mafici a hannu, jariri yana ta kuka ƙuraje sun feso masa a wuya. Da dare kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida, sauro ya samu abin da yake so. Ɗakin nan kuwa da aka guje wa, mu muka gina shi. Mu muka tara kuɗi a Sabo da Bodija da Sasa da Mile 12, muka aika aka sayi bulo da bandir-bandir na kwano, aka rushe tsohon ɗakin, iyaye suka ɗaga hannu suka sa mana albarka. Niyyarmu ta alheri ce, kuma Allah ya sani. Sai dai tare da kwanon mun aika musu da zafin da kakanninmu suka daɗe da gano maganinsa.

Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin rufin ɗakin manomi a ƙasar Hausa: da me ake yin sa, yaya aka yi muka bar shi, kuma me za mu iya dawowa da shi yanzu ba tare da mun kashe kuɗi mai yawa ba.

GIDAN DA GONA TA GINA

Baturen Jamus Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya kuma bayyana garin a matsayin cakuɗen sorayen ƙasa da ɗakunan jinka. Haka abin yake a ko'ina: mai hali ya yi soro, talaka ya yi jinka, a gida ɗaya ma sai ka ga duka biyun. Abin lura shi ne kusan duk kayan da ake waɗannan gine-gine da su ragowar wani aiki ne, na gona ko na sana'a.

Mu fara da ɗakin jinka. Bayan an gama girbi, karan dawa ya zama tsaiko ko danga. Ciyawar shuci da aka yanko a daji a yanta ta, a naɗe, ranar baibaya a kira gayya a ɗora. Gamba ta zama zana. Igiyar ɗauri daga rama take ko daga kaba. Ba a zuwa kasuwa sayen komai sai abin da ba a rasa ba. Idan jinka ta tsufa aka sauke ta, tsohuwar ciyawar ma ba a zubar da ita: ko ta shiga murhu, ko ta shiga kwaɓin ƙasa, ko ta koma gona ta zama taki.

Shi kuma soro, da tubali ake tayar da shi, wanda aka mulmula da hannu aka shanya a rana. A kwaɓin ana zuba busasshiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a bar shi ya kwana yana ruɓa, don kada bango ya tsage. Bangon yana da kauri sosai daga ƙasa, yana tafiya yana sirancewa. In an zo rufi sai a jera azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika damunsa ba. A kan azara a shimfiɗa zana ko kara, sannan a zuba ƙasa mai kauri, a gyara mata gangare zuwa indararo.

Wajen kare ginin daga ruwan sama ne za mu ga iyakar hikimar magina. Makuba ɓawon ɗorawa ce, abin da ya rage bayan mata sun cire garin sun kuma ɗebe kalwa don daddawa. A jiƙa ta, a shafe bango ko a yi daɓe da ruwanta. Laso kuwa, wanda shi ne simintin wancan zamani, haɗi ne na katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi bayan an gama rini, da gashin awaki da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Ku duba: sharar marina, sharar majema, sharar masu daddawa, su ne suke riƙe rufin gidan sarki da na attajiri. Da ire-iren waɗannan kaya Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, wanda masana gini na duniya suka daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa.

Saboda haka idan yau aka ce mana ana sake sarrafa shara a yi gini da ita, kada mu ɗauka baƙon abu ne aka kawo mana daga Turai. Sunan ne sabo.

ME YA SA WAƊANNAN ƊAKUNA SUKE DA SANYI?

Hanya biyu ce, kuma yana da kyau mu bambance su, domin duk gyaran da za mu yi yanzu a kansu zai dogara.

Ta farko ita ce ta ciyawa. Jinka tana da kauri, kuma tsakanin kowane zare da ɗan uwansa akwai iska a maƙale. Iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi ta wuce da shi da sauri. Rana za ta yi ta dukan saman jinka, amma cikinta bai san ana yi ba. Ɗan zafin da ya taru a ɗaki kuma yana da hanyar fita ta tsakanin ciyawar da ta bakin bango. Dalilin da ya sa bargo yake tare sanyi ke nan, shi ne kuma dalilin da ya sa mai sayar da ƙanƙara yake binne ta a cikin garin katako.

Ta biyu ita ce ta ƙasa. Ƙasa mai kauri tana shan zafi a hankali, kamar yadda tukunyar ƙasa take daɗewa kafin ta ɗauki wuta. Kafin zafin rana ya ratsa rufin soro ya iso ciki, yamma ta yi. Da dare kuma sai ta riƙa sakin abin da ta sha. Shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da hunturu kuma yake da ɗumi da asuba. A tsakiyar bazara ne kawai yake gazawa da dare, shi ya sa tun da can ake kwana a waje a wannan ɗan lokaci.

A taƙaice, ciyawa tana tare zafi, ƙasa tana jinkirta shi. Kwano ba ya yin ko ɗaya. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Da rana ta buɗe yakan yi zafin da ya haura digiri 60, kuma nan take yake juyo da shi kan wanda ke ƙarƙashinsa, kamar wanda aka kifa wa kasko. Da hunturu kuma da rana ta faɗi sai ya huce, sanyi ya sauko kai tsaye kan yara da tsofaffi.

YADDA KWANO YA ISO MANA

A Landan aka ƙirƙiro kwano mai tudu da kwari. Wani injiniya mai suna Henry Palmer ne ya yi masa rajista a 1829, don rufe manyan rumbunan ajiya na bakin tashar jiragen ruwa. A 1837 wani Bafaranshe, Sorel, ya yi rajistar hanyar shafe ƙarfe da tutiya don kada ya yi tsatsa da wuri. Daga nan kwano ya bi jiragen ruwan Turawa zuwa duk ƙasashen da suka mallaka, domin ba shi da nauyi, ana jera shi a kan juna, kuma kowane kafinta zai iya kafa shi cikin yini ɗaya. A lura: don ajiye kaya aka yi shi, a ƙasar da ba ta san zafin rana irin namu ba.

A Najeriya ya fara da bakin teku, a kan kantunan Turawa da majami'u da ofisoshin gwamnati. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, kuɗin koko ya biyo baya, sai manoman Yarbawa suka shiga sauya ganye da ciyawa da kwano. Jajayen rufin nan da muke hangowa daga tudun Mapo gadon wancan zamani ne. Lokacin da aka kafa unguwar Sabo a 1916, kakanninmu fataken goro da shanu sun tarar da wannan sauyi yana gudana, kuma a nan da yawa daga cikinsu suka fara kwana a ƙarƙashin kwano.

A Arewa ma dogo ne ya kai shi. Layin ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi daga 1912, kantunan Turawa da na Kwara suka cika da kayan ƙarfe. Duk da haka shekaru da dama kwano bai wuce tashar jirgi da bariki da Sabon Gari ba. A ƙauye, kwano alama ce ta wanda ya je ya dawo: tsohon soja, ɗan kasuwar Kurmi, alhajin da ya yi arziki da gyaɗa ko auduga.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, hanyoyin mota suka ratsa ƙauyuka, siminti ya yawaita daga Sakkwato, daga baya kuma daga Ashaka. A daidai wannan lokaci ne kuma farin 1972 zuwa 1974 ya kashe itatuwa ya ƙone makiyaya, wani farin ya sake biyowa a 1984. Abu biyu suka haɗu: kwano ya zo kusa, ciyawa da azara suka yi nisa.

IYAYENMU BA WAUTA SUKA YI BA

Ya kamata mu yi adalci a nan, kada labarin ya zama na kukan zamanin da. Akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa aka rungumi kwano.

Na farko gobara. Duk wanda ya tashi a ƙauyen jinka ya san abin da tartsatsi ɗaya yake yi da hunturu idan iska tana kaɗawa: unguwa guda ta tashi, har da rumbuna. Na biyu wahalar gyara. Jinka tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru, soro yana son yaɓe kafin kowace damina, in aka yi sakaci kuma ya rufta da mutane a ciki. Har yanzu duk shekarar da ruwa ya yi yawa, irin 2012 da 2022 da 2024, muna jin labarin gidajen ƙasa da suka faɗi. Na uku, dajin da ake yanko shuci da gamba ya zama gona, domin mun ƙaru. Giginya kuwa tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, an sare manyan ba a dasa wasu ba. Na huɗu, hannun da zai yi aikin ya tafi. Lokacin baibaya da yaɓe shi ne rani, shi ne kuma lokacin da samari suke tahowa ci-rani. Mu ne 'yan gayyar da aka rasa. Da muka kasa zuwa da ƙarfinmu sai muka aika da kuɗi, kuɗi kuma kwano yake saye.

Akwai na biyar, wanda ba mu cika son faɗa ba: ido. An kai matsayin da in saurayi ya je neman aure ana tambaya ko ɗakin na kwano ne. Magini mai tubali ya zama abin raini, 'ya'yansa suka koma buga bulo.

To kwano ya magance gobarar rufi da yoyo, wannan gaskiya ne. Inda aka samu matsala shi ne rabin tsarin muka ɗauka. Baturen da ya kawo kwano bai taɓa kwana a ƙarƙashinsa tsirara ba. Ku duba tsofaffin gidajen bariki da na ma'aikatan jirgin ƙasa: rufi mai tsawo, silin a ƙasansa, baranda ta kewaye, ga ƙofofin iska a sama. A birni masu hali sun bi wannan, da silin katako, sannan na asbestos, yanzu kuma na roba da na filasta. A ƙauye kuwa kuɗi yakan ƙare daidai lokacin da aka buga ƙusar ƙarshe a kan kwano. Sai a ce silin sai baɗi. Baɗin nan ta shekara arba'in ba ta zo ba.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitocin Bamako suka cika da gawawwaki, akasari na tsofaffi. Sakkwato da Maiduguri da Yola ba su da nisa da wannan a irin waɗannan watanni. Wanda zafi ya fi kayarwa shi ne wanda ba ya iya tashi ya nemi inuwa: tsoho, mai jego, jariri, mara lafiya. Su ne kuma muka bari a gida.

ABIN DA WASU SUKA GWADA

Ba mu kaɗai wannan matsala ta sama ba, kuma akwai waɗanda suka riga mu neman mafita. Bari mu fara da maƙwabta.

A Jamhuriyar Nijar, inda ƙarancin itace ya fi namu tsanani, an fara koya wa magina rufin ƙasa zalla ba tare da azara ko kwano ba, a garin Cikal da ke yankin Filinge, tun 1980. Dabarar ta tulluwa da baka ce da aka aro daga mutanen Nuba na kogin Nilu, kuma ta yaɗu zuwa Mali da Burkina Faso. A Burkina Faso ɗin ne kuma wani ɗan ƙauyen Gando, Francis Kere, wanda ya yi karatun zanen gini a Jamus, ya gina wa garinsu makarantar firamare a 2001. Bai ƙi kwano ba. Abin da ya yi shi ne ya rufe azuzuwan da silin na tubalin ƙasa, sannan ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya bar fili tsakani iska tana wucewa. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gini.

A gida Najeriya, a 2011 wata ƙungiya mai suna DARE ta gina gida da gorunan ruwa na roba a Sabon Yelwa kusa da Kaduna. Ana cika kowace gora da yashi, a kwantar da su a jere kamar tubali, a ɗaure da igiya, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Dubban gorori da za su toshe magudanar ruwa suka zama bango mai kauri. Wani matashi a sansanin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf a Aljeriya, Tateh Lehbib, ya yi wa kakarsa irin wannan ɗaki a 2016, daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyin wasu 25. Sai dai mu lura: sanyin ɗakin gora daga kaurin yashi yake, hikimar soro ce a sabon kaya. In aka ɗora masa kwano ba silin, zafin zai shigo ta sama kamar kullum.

Idan muka leƙa nesa kuma, za mu ga ana amfani da shara kai tsaye wajen tare zafi da sanyi. A Amurka, bayan tashin farashin mai na 1973, an koma niƙa tsofaffin jaridu ana haɗa su da sinadarin da ke hana kama wuta da ƙwari, ana zubawa a saman silin, kuma har yau ana yi. A garin Passo Fundo da ke kudancin Brazil, tun 2009 masu aikin sa kai suke tara kwalayen madara, irin masu ƙyalli a ciki kamar na lemon da muke sha a nan, su wanke su ɗinke su zama manyan faifai, su lulluɓe cikin gidajen katako na talakawa. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin watan Mayun 2010 ya kashe mutum sama da 1,300, hukuma ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, kuma cikin abubuwan da ta bi da su har da shafa farin fenti da farar ƙasa a kan rufin talakawa don ya mayar da hasken rana.

Akwai kuma wata riba da ba a zata ba. Wani bincike da aka yi a yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna cewa gidajen da aka yi wa silin na raga an rage shigar sauron zazzaɓi cikinsu da kusan rabi, domin sauro ta saman bango yake shigowa. Ashe silin ɗaya yana iya yin aiki biyu.

SHARAR DA KE HANNUNMU

Yanzu mu dawo gida mu duba abin da muke da shi. Dajin shuci ya tafi, karofi ta ragu, amma sabuwar shara ta zo.

Babba a ciki shi ne buntun shinkafa. Noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi da Kano da Jigawa, musamman daga 2015, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba buntu ne. A bayan injinan Kura da Argungu tsibi yake, ana cinna masa wuta yana kwanaki yana hayaƙi. 'Yan uwanmu na Abakaliki sun san duwatsun buntun da ke can. Buntu ba shi da nauyi, yana riƙe iska, dabba ba ta cika son sa ba, ba ya saurin ruɓa, kuma ba ya saurin kamawa da wuta kamar ciyawa. Bayan shi akwai ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, karan dawa da na gero, garin katako daga wurin masu yankan katako, kwalayen taliya da na sabulu, da buhunan hatsi da suka tsufa.

Wa ya fi mu sanin inda waɗannan kaya suke? 'Yan uwanmu masu bola jari su ne suke tsince kwali da roba a Ibadan da Legas. Manyan motocin da suke sauke tumatir da albasa da shanu a kasuwanninmu, da yawansu suna komawa Arewa da fili a bayansu. Mu ne a tsakiyar wannan hanya.

Tsarin ba shi da wuya. A kafa sanduna ko siraran katako a ƙarƙashin kwano, a bar tazara mai kyau tsakani. A shimfiɗa zana, ko asabari, ko kwali mai kauri ninki biyu. A kansa a jera buhuna da aka zuba wa buntu aka baje su kamar katifa, kaurin tafin hannu. Wanda ya fi so ya kwaɓa buntun da ƙasa kaɗan, ya zuba a ma'auni ya shanya, ya samu faifai marasa nauyi. A bar ƙofar iska a gefe biyu na saman ɗaki, a toshe ta da raga, don zafin da ya taru tsakanin kwano da silin ya samu mafita. A waje kuma a shafa wa kwanon fari, a dasa itace ta yamma da ɗaki, a yi rumfar kara a gaban ƙofa.

Amma akwai kashedi, kuma kada a ɗauki dabarar a bar kashedin. Wutar da ta kori jinka tana nan. Kwali da kara suna ci, don haka a shafe ƙasan silin da ƙasa ko farar ƙasa, a sa wayar lantarki ko ta sola a cikin bututu, kuma kada a yi wannan a ɗakin girki ko inda ake kunna gawayi da hunturu. Kada a yi amfani da buhun taki ko na maganin feshi. Farin soson nan da ake naɗo firji da talabijin yana tare zafi, amma in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne, gara a bar shi. A gyara duk wani yoyo tukuna, domin jiƙaƙƙen kwali yana kawo ruma da gara. A toshe kafofi saboda ɓera da jemage, a kuma tabbatar buntun ba shi da ragowar tsaba. A bar kafinta ya duba ko katakon zai ɗauki nauyin. Wanda kuma ya samu tsohon silin asbestos a arha, ya sani ƙurarsa tana jawo cutar huhu da daji: kada a fasa shi, kada a yanka shi, kada a kai wa iyaye.

ABIN DA MUKE ROƘON 'YAN UWA

Ba muna cewa a kwance kwano a koma jinka ba. Wannan zamani ya wuce, kuma wanda bai kwana a ɗaki mai yoyo ba shi ne yake saurin yabonsa. Abin da muke cewa shi ne mu ƙarasa ginin da muka fara.

Na ɗaya, duk wanda zai aika kuɗin rufi daga yau, ya lissafa da silin a ciki tun farko. Gara ɗaki biyu da ake iya kwana a ciki da uku da ake gudu.

Na biyu, wanda ya riga ya gina, ya fara da ɗaki ɗaya, na wanda ya fi kowa tsufa a gidan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da kara da buntu suke a banza, kafin bazara ta shigo. A rataya ma'aunin zafi a wannan ɗaki da na kusa da shi, a duba da azahar da kuma bayan isha'i har mako guda, a turo mana sakamakon a wannan shafi, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Da haka za mu san abin da ya dace da Sakkwato da wanda ya dace da Bauci, maimakon jita-jita.

Na uku, in mun je gida mu nemi tsofaffin magina da masu baibaya da suka rage, mu zauna da su, mu ɗauki bayaninsu a waya: yadda ake haɗa laso, kwana nawa kwaɓi yake yi, wace ciyawa gara ba ta ci. Yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu ba su gaje su ba. In suka tafi da wannan ilimi, sai mun saye shi daga baƙi.

Na huɗu, muna ba shugabanni shawara a sa wannan batu cikin ajandar taron wata mai zuwa, a ji ta bakin kafintoci da direbobi da masu bola jari da ke cikinmu. Su suka san farashi, su suka san hanya.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ba mu bar gida ba, shaidarmu ita ce kwanon da ke ƙyalli a garuruwanmu. Saura mu tabbatar wanda ke ƙarƙashinsa yana iya barci.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a nemanmu, ya mayar da mu gida lafiya. Amin.